Hannun Bahago

Litinin, da hantsi

Na koma makaranta yau. Umma ce ta tura ni. Ta ce zamana a gida ba zai dawo da kowa ba, kuma ta gaji da ganina ina bin bango. Na ɗauki jaka na fito, na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, sai da na ji muryarta daga ciki ta ce, “Wa kike jira?” sannan na kama hanya.

Duk wanda ya ce yaya da ƙane su zauna aji ɗaya bai yi mana adalci ba. Na girmi Bahago, amma shekarun da na ɓata a shagon ɗinki kafin in gane cewa inji nake so ba keke ba, su suka sa ya kamo ni, muka shigo kwalejin sana’a tare, sashen gyaran mota. Da ’yan aji suna yi mana dariya, wai an ba uwa da ɗa benci ɗaya. Yau babu wanda ya yi dariya. Benci ya yi mini faɗi.

Kowa sai lallaɓa ni yake. Dogo, wanda ba ya iya wuce ni bai ce “Ranki ya daɗe, Shugaba” yana sara mini ba, yau ya zo ya durƙusa ya ce Allah ya jiƙansa, ya tashi ya tafi. Na fi son tsokanar. Na so in ce masa ya dawo ya zage ni.

Bayan hutu akwai darasin Takunkumi. Ni na raɗa masa wannan suna, kuma har malamai sun ɗauka. Wani kamfani ne ya ba makaranta aronsa na zango ɗaya don a gwada. A ɗaura maka abu a fuska ya rufe idanunka ruf, a sa maka safar hannu mai wayoyi, sai ka tsinci kanka a wani gareji fes kamar asibiti, inji yana tsaye a iska a gabanka. Babu warin baƙin mai, babu nauyin ƙarfe, noti ba ya gardama. Tun farkon zango na daina shiga. Da yake ni ce wakiliyar aji, na tara jama’a muka ɗaga hannu, kusan kowa ya ce ba ya so. Mutum huɗu ko biyar ne suka ce suna so, kuma ƙanena ne a gabansu, yana ɗaga hannun hagu yana yi mini gwalo.

Ban shiga ba yau ma. Na zauna a kan matakala har aka tashi.

Talata, da yamma

Wani ya goge sunansa daga jikin akwatin kayan aikinsa. Ban tambayi ko wane ne ba.

Laraba, bayan azahar

Na shiga.

Malamin gareji ne ya tare ni a baranda. Ya ce, “’Yata, na san ra’ayinki, ni ma ba son abin nake ba. Amma ɗaurin kan inji zai fito a jarrabawa, kuma darasi ya wuce ki da yawa. Ki daure ki shiga ko sau ɗaya ne.” Da can ne, da na yi masa bayani har sai ya nemi wurin zama. Yanzu ba ni da ƙarfin gardama.

Anti Mai Makulli, matar da ke kula da ɗakin na’urorin, ta riƙe Takunkumin a hannu ta ƙi miƙo mini. Ta ce, “Ko ki bari sai darasin burki? Wannan ɗin...” Na ce, “Anti, ɗaura mini kawai in fita hakkin Malam.” Ta dube ni, ta dubi Dogo, Dogo ya dubi ƙasa. Ta ɗaura.

Ga gareji, ga inji. Sai ga hannuwa biyu shuɗaye, babu jiki, babu kai, daga wuyan hannu zuwa yatsu kawai. Ana so ka zura naka a cikinsu ka riƙa bin su. Na hagu ne ya ɗauki sifana.

Ai na san an naɗi hannun Bahago. Malam ne ya zaɓe shi don ya fi kowa tsabtar aiki, kuma ni ce na yi masa tas ranar, na ce ya ba kamfani aron hannunsa don su kore mu daga gareji. ’Yan aji sun yi ta ƙorafi cewa an ba su malami bahago, komai nasa a juye yake. Duk na sani. Amma na manta, wallahi na manta, kamar yadda nake manta ko na ci abinci.

Sai muryarsa, a cikin kunnena, kusa ƙwarai. “To jama’a, daga tsakiya ake farawa. Kada ka ɗaure ɗaya tamau ka bar ’yan’uwansa, sai kan ya karkace. Kaɗan nan, ka tsallaka, kaɗan can.” Yana yi wa noti magana yadda ya saba: “Kai, zo nan, ba cinye ka zan yi ba.” Can sai hannun hagun ya ajiye sifana, ya sauka ƙasa, ya goga a jikin abin da babu, ya dawo. Wando yake goge hannu da shi, a garejin da babu ko ɗigon mai.

Ana gab da gamawa sai na ji ana buga ƙofa a cikin naɗin. Hannuwan suka tsaya. Ya ce, “Yaya, don Allah ki daina buga ƙofar nan, ana naɗa ne. Saura noti biyu. Ki jira ni.”

Ban san yadda na cire abin ba. Na dai ga Anti tana riƙe da kofin ruwa, ’yan aji duk sun fita sun bar mu.

Alhamis, lokacin hutu

Na koma. Anti ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe ɗakin ta zauna a bakin ƙofa tana danna waya. Ta ce ta so ta yanke wurin bugun ƙofar tun a lokacin, aiki ya sha mata kai, daga baya kuma ’yan aji suka saba da shi har suna amsa masa da “To, muna jira.”

Yau na zura hannuna cikin nasa. Yatsunsa sun fi nawa tsawo, nawa suna ƙarewa a tsakiya. Idan ka bi shi daidai, safar tana ɗan motsawa a tafinka, wai alamar ka yi daidai. Na san waya ce da batir, ni ba yarinya ba ce. Amma tun ranar Asabar ɗin da ya rasu babu abin da ya taɓa ni na ji shi sai wannan.

Juma’a, lokacin hutu

Na shiga. Sau biyu.

Asabar, da la’asar

Asabar ba ta da daɗi yanzu. Na share tsakar gida, na sake sharewa.

Umma ta fito da tufafin aikinsa daga bayan ƙofa, ta zuba ruwa a bokiti, ta kawo sabulu. Ta ɗaga wandon tana kallon cinyar hagu, inda baƙin mai ya zama kamar fata. Shekara da shekaru faɗansu ɗaya ne. Ya shigo ta ce, “Tsumma ya ƙare ne a makarantar taku?” ya ce, “Gobe zan kiyaye, Umma.” Goben ba ta taɓa zuwa ba.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta ninke shi ta mayar bayan ƙofa, ta zubar da ruwan a gindin bishiya. Tun ranar da muka rasa shi ba ta ambaci sunansa ba, ba ta yi wa kowa faɗa ba, har yaran maƙwabta da ke buga ƙwallo a jikin bangonmu sun gaji sun daina, don babu mai kora su. Gidan da babu faɗan Umma ba gidanmu ba ne.

Ban gaya mata abin da na gani a makaranta ba.

Litinin, bayan an tashi

An kafa sanarwa. Laraba ta sama kwamitin makaranta zai zauna da mutanen kamfani, kuma wakilin kowane aji zai tashi ya faɗi ko ɗalibai sun karɓi na’urar ko ba su karɓa ba. Ajinmu ne mafi girma, mu aka fi gwada abin a kanmu, don haka kowa ya san bakina ne zai yanke magana. Idan an karɓa, makaranta za ta riƙe shi, a mayar da gareji na gaske kwana ɗaya a mako. Idan an ƙi, kamfani ya kwashe kayansa.

Na tambayi Anti abin da zai faru da darasin da aka naɗa. Ta yi ta gyara wayoyin da ba su hargitse ba, sannan ta ce za a goge. Duk abin da ke da murya ko hannun ɗalibi, dole a goge shi ranar da za su tafi, haka yarjejeniyar ta ce. Na ce wane marar imani ne ya kawo wannan doka? Ta ce, “Ke ce. A taron farko kika tashi kika ce ba za su tafi da muryar kowa ba, aka tafa miki.”

Haka ne. Kuma ko yau aka tambaye ni, gaskiya ce na faɗa.

Ta ɗauko mini hoton darasin a wayata daga jikin allo. Muryar ta fito, hannuwan ma ana ganinsu, ƙanana kamar na ’yartsana. Na yi godiya. Amma a waya kallo kawai ake yi, babu inda mutum zai sa hannunsa.

Talata, da safe

Saura noti biyu. Da shi na tashi, da shi na yi wanka.

Alhamis, da azahar

Dogo ya hana kowa fita bayan darasin lissafi. Ya hau kan benci, kansa yana neman taɓa fanka, ya ce, “Jama’a, kun san abin da ake ciki, ba sai na ja magana ba. Wancan karon mun ɗaga hannu mun ce ba ma so. Ni dai na canza ra’ayi. Takunkumin nan, idan aka duba, ba shi da laifi. Jiri ne kawai da ciwon kai, su ma ai ana sabawa.” Aka ɗan yi dariya. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Shi ne fa mutumin da ya ce zai jefa abin a rijiya.

Ya ce masu so a bar shi su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, layi bayan layi. Zuciyata ta yi wani tsalle na murna, ba zan ɓoye ba. Na ce shi ke nan, ba ni na roƙa ba, su suka bayar.

Sai idona ya faɗa kan Mai Gilashi a can ƙarshen aji. Gilashinsa mai kauri ne, ba ya shiga cikin Takunkumi, idan ya cire kuma ba ya ganin komai sai hazo. Kullum aka yi darasin sai ya fita bayan aji ya yi amai. Makinsa ya zube a wannan zangon, alhali a gareji na gaske, idan ya kara kunne a jikin inji, yakan faɗi ciwonsa kafin a kwance. Shi ne na ƙarshe. Ya share gilashin da bakin riga, ya mayar, ya ɗaga hannu. Da muka haɗa ido har murmushi ya yi mini.

Na ce na gode, na fita. A bayan ajin na tsaya, daidai inda yake zuwa yin aman.

Juma’a, lokacin hutu

Na shiga. Na bi shi daga farko har ƙarshe ban kuskure ko sau ɗaya ba, safar tana ta motsi a tafina. Da ya ce in jira shi, na ce to.

Da yamma an yi gareji na gaske. Wani yaro ya ɗaure noti har ya tsinke a ciki, ya tsaya yana kallon sifanar, ya ce a na’ura ai haske ne ke nuna masa ya isa. Malam bai yi ihu ba. Ya ce, “Hasken yana cikin hannunka, sai ka bar shi ya sha wuya tukuna zai kunnu.” Ya juya yana shafa tsohon injin nan da muka kwance muka haɗa har ya san mu. An ce idan aka karɓi Takunkumi, za a fitar da yawancin injunan a faɗaɗa ɗakin Anti.

Ni ban taɓa komai ba. Na riƙe wa wasu fitila.

Lahadi, da hantsi

Na gaya wa Umma. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Na yi mata bayanin Takunkumi, da safar, da hannuwan, da zaman da za a yi ranar Laraba, da abin da ’yan aji suka yi mini. Na miƙa mata wayar ta gani, ta ture ta da bayan hannu.

Ta ce, “Ba na son na waya. Ki kai ni inda yake.”

Na ce, “Umma, ba shi ba ne fa. Hannu ne kawai da murya.”

Ta ce, “Na ji. Ki kai ni.”

Litinin, da yamma

Na rubuta abin da zan faɗa ranar Laraba, na yaga. Na rubuta kishiyarsa, na yaga.

Talata, da la’asar

Anti ta ce mu zo bayan an tashi. Umma ta sa kayanta na fita unguwa. Tunda muka shigo kwalejin nan ba ta taɓa tako ƙafarta ba, kullum tana cewa sai ranar da za a ba mu takarda. Ta bi baranda tana kallon ajujuwa, ta tsaya a ƙofar gareji ta shaƙi warin, ta ce, “Ashe nan kuke kwaso shi.”

Anti ta gaishe ta har ƙasa, ta zaunar da ita, ta gyara mata ɗankwali don madaurin ya zauna. Safar ta yi mata yawa, sai da aka naɗe bakin. Ni da Anti muna ganin abin da take gani a jikin allo.

Da garejin ya bayyana ta kama gefen kujera ta ce, “Kai! Ina ƙasan ta tafi?” Anti ta ce ta kwantar da hankalinta, ƙasa tana nan. Sai hannuwan suka fito. Sai ya ce, “To jama’a.”

Umma ba ta bi shi ba. Ba ta san ana bi ba, kuma ban gaya mata ba. Ta miƙa hannu biyu ta nemi ta kama na hagun, yadda ake kama hannun yaro za a tsallaka titi. Yatsunta suka wuce ta ciki. Ta sake, suka sake wucewa. Shi kuwa yana ta aikinsa, kaɗan nan, kaɗan can. Daga nan ta daina kamawa, ta buɗe tafinta a ƙarƙashin nasa, duk inda ya je ta bi shi a hankali. Da ya sauke hannu ya goga a wando, na ji ta ja numfashi, ta ce, “Ka ga ɗan banza. Har a nan ma?”

Aka buga ƙofa. Ya ce abin da yake cewa.

Umma ta juyo da fuskarta inda take zaton nake, Takunkumin yana rufe da idanunta, ta ce, “Da ke yake.”

Na ce, “Da ni yake.”

“Kin jira shi?”

“Na jira shi, Umma. A kan matakala na zauna. Muka taho gida muna faɗa.”

Ta ce, “To madalla.”

Ta bari ya ɗaure noti biyun, sannan ta ce a cire mata. Madaurin ya jiƙe sharkaf, Anti ta karɓa ta ajiye ba ta goge ba. Ta tambayi Umma ko za ta sake, ta ce a’a, sau ɗaya ya isa, kanta yana juyawa. Muka kama hanya har muka zo kwanar gida. Ta ce, “Wannan abin kuke sawa kullum? Shi yaron mai gilashi da kika ce, uwarsa tana da rai?” Na ce tana da rai.

Laraba, bayan azahar

An yi zaman a ɗakin taro. Shugaban makaranta a tsakiya, malamai a gefe, matar kamfani da abokin aikinta a ɗaya gefen. Matar tana da kirki, ta zo har inda nake ta yi mini gaisuwa kafin a fara. Da ta kasance mai girman kai da abin ya zo mini da sauƙi.

Wakilan sauran ajujuwa suka yi magana, wasu e, wasu a’a, wasu ba a gane inda suka dosa ba. Shugaba ya ce, “Sashen mota. An ce mini kun sake ɗaga hannu, kuma kowa ya amince. Haka ne?”

Ina iya cewa haka ne in zauna. Ba ƙarya ba ce, sun ɗaga. Dogo yana leƙe ta taga yana gyaɗa mini kai.

Na ce, “Sun ɗaga, ranka ya daɗe. Amma ni suka ɗaga wa, ba na’ura ba.” Na faɗi komai yadda yake. Na ce akwai mutum huɗu ko biyar da abin ya yi wa amfani da gaske, masu tsoron ɓata kaya, waɗanda hannunsu ke rawa idan Malam yana tsaye a kansu, a ciki suka koyi tsarin aiki ba tare da kunya ba, kuma ƙanena yana sonsa har ransa. Na ce amma yawancinmu jiri yake sa mu, akwai wanda idonsa ba ya ɗauka sam, kuma hannunmu yana mantuwa da ƙarfe. Na ce da za a bar shi a gefe ga mai so, a bar mana garejinmu, da mun karɓa. Shugaba ya dubi matar kamfani, ya dubi takardunsa, ya ce makaranta ba za ta iya ɗaukar biyun ba.

Na ce, “To ajinmu bai karɓa ba.”

Muryata ba ta yi rawa ba, abin ya ba ni mamaki. Da na fito sai na zauna a kan matakala. Dogo ya tsaya a kaina ya ce, “Shugaba, ke dai ba ki da kirki. Mun yi miki ƙarya mai kyau kin watsa mana ƙasa a ido.” Idonsa ya yi ja. Na ji daɗin da ya kira ni Shugaba. Mai Gilashi ya ɗauki jakata ya raka ni har bakin titi.

Alhamis, da safe

Ban yi nadama ba. Na yi. Ban yi ba.

Juma’a, da la’asar

Sun zo da kwalaye. Anti ta ɓoye guda ɗaya a ƙarƙashin tebur, ta aika a kira ni kafin su kai kansa. Na shiga na ƙarshe. Ban yi kuka ba, don kada gilashin ya yi hazo in rasa wani abu. Na bi shi daga tsakiya har baki. Ya ce in jira shi, na jira, ya ɗaure biyun, hannuwan suka buɗe suka ɓace kamar yadda suke yi kullum. Na cire da kaina na miƙa wa mutumin kamfani, ya naɗe wayar ya sa a kwali tare da sauran.

Ɗakin ya koma ɗaki. Akwai fanka, akwai taga. Ban taɓa lura akwai taga ba.

Asabar

Babu abin rubutawa.

Talata, da yamma

An dawo mana da gareji kwana uku a mako. Yau Malam ya ce kowa ya ɗaura kan inji yana kallo, kuma ya ƙi yarda in riƙe fitila. Ya ce, “Kin riƙe ta, ya isa haka. Ɗauki sifana.”

Ƙarfen yana da sanyi da nauyi, noti na uku ya yi gardama har sai da na lallashe shi. Na yi ta yi, kaɗan nan, kaɗan can, ban san garejin ya yi tsit ba sai da na ɗago. Malam ya cire hularsa yana riƙe da ita. Ya ce, “’Yata, yaushe kika koma bahaguwa?” Na dubi hannuna. Sifanar tana hagu. Na mayar da ita dama, ta zame, ta ƙi zama. Malam ya ce, “Bar ta inda take so. Ƙarasa, saura biyu.” Na ƙarasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tasa sifanar, bai ƙara wa ko ɗaya ba.

Da na shigo gida Umma tana kwashe shanya. Na gaishe ta zan wuce, ta ce, “Tsaya.” Ta ajiye kayan, ta zo ta kama wandon aikina ta wajen cinyar hagu. Ban san lokacin da na yi ba. Shatin yatsu huɗu ne, baƙi ƙirin, ɗaya a kan ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ɗago, ta haɗe rai yadda ta saba, da muryarta ta da, wadda har maƙwabta ke ji, ta ce, “Tsumma ya ƙare ne a makarantar taku?”

Na ce, “Gobe zan kiyaye, Umma.”

Ta ce in cire in kawo. Tana can tana wankewa, tana faɗa, tana share ido da kafaɗa.